Na'urar da Ba Ta San "Turo Mini" Ba: Sharhi a kan iPod shuffle



Ranar 11 ga watan Janairu na 2005 kamfanin Apple na ƙasar Amurka ya fito da wata ƴar na'urar sauraren waƙa mai suna iPod shuffle. Fara ce, girmanta kamar fakitin cingam, nauyinta giram 22, kuma ba ta da allo ko kaɗan. Mai cin mega 512 ana sayar da ita dalar Amurka 99, wajen jika hamsin na kuɗinmu ke nan a lokacin, mai cin jiga 1 kuwa dala 149. A watan Yuli na 2017 kamfanin ya daina ƙera ta tare da ƴar uwarta iPod nano, a watan Mayu na 2022 kuma ya rufe babin iPod baki ɗaya.

Wani zai ce, yo to abin da ya riga ya mutu, mene ne na tono shi? Dalilina daga ajinmu na kimiyyar harshe ya fito. Masanin harshe Roman Jakobson ya nuna cewa bambancin harsuna ya fi fitowa a wajen abin da kowane harshe yake tilasta ma mai magana ya faɗa. Bahaushe in ya sa wakilin suna wajen ce ma mutum ɗaya ya zo, dole sai ya bayyana namiji ne ko mace: "ka zo" ko "ki zo". Bafaranshe ba ruwansa da wannan a nan. To na'ura ma tana da nata nahawu. Akwai abin da take yardar maka, akwai wanda take tilasta maka, akwai kuma wanda ba ta da kalmarsa sam. Nahawun iPod shuffle nake son mu duba, domin na'urar ta tafi amma nahawunta yana nan cikin salular da ke aljihunmu.

Abin da ta iya

Mu fara da ba ta haƙƙinta. Kafin ita, wanda ke son waƙa a tafe sai ya ɗauki Walkman na kamfanin Sony, wanda ya fito tun 1979, da tulin kaset da batir. Fasahar MP3, wadda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarta, ita ta matse sauti har minti ɗaya na waƙa ya koma wajen mega ɗaya. Na'urorin farko na aljihu masu karanta MP3 sun fito a 1998, irin su MPMan na Koriya ta Kudu da Rio na Amurka, kuma mega 32 suke ci, wato wajen rabin awa na waƙa. iPod ta farko ta zo a watan Oktoba na 2001 da jiga 5, aka tallata ta da cewa waƙa dubu ce a aljihu.

Ita shuffle ta bi wata hanya dabam, ta rage komai. Maɓallanta su ne na kunnawa, na gaba, na baya da na ƙara murya ko ragewa, sai wani ɗan makunni a bayanta da ke zaɓar ko waƙoƙi su zo a jere ko su zo kan mai uwa da wabi. Ka cire murfinta ka soka ta a kwamfuta kamar kile USB, tana shan caji ana zuba mata waƙa. Batirinta na kai awa 12. Ta biyu, wadda ta fito a 2006, an yi ta da ƙarfen alminiyam da ɗan maƙali na maƙalawa a riga. Ta huɗu, ta 2010, nauyinta giram 12.5 ne kacal, batirinta awa 15. Ga mai gudun motsa jiki ko mai doguwar tafiya a mota, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta kiranka, ba ta nuna maka saƙo, ba ta jan idonka. Waƙa kawai. Mu da salula ta hana mu sauraren waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, ya kamata mu yaba ma wannan.

Kalmar da ta faɗi rabin gaskiya

Matsalar tana farawa a wurin zuba waƙa. Ba ka iya jawo fayil ka jefa a shuffle ta karanta shi. In ka jefa, zai zauna a ciki kamar kaya a sito, amma ba za ka ji shi ba. Dole sai ta hanyar manhajar iTunes, kuma aikin da manhajar ke yi shi suka kira "sync" da Ingilishi, "synchroniser" da Faransanci. Asalin kalmar Girkanci ne, daga "tare" da "lokaci". Duk wanda ya ji ta zai ɗauka abu biyu ne suke daidaitawa da juna, kowa ya ba ɗan uwansa abin da ya rasa.

Ba haka aikin yake ba. Kwamfuta ce uwar ɗaki, na'ura baranya. Abin da ke taskar iTunes shi ke gangarowa cikin na'ura. Abin da ke cikin na'ura ba ya hawa, in ban da waƙoƙin da ka saya a kantin Apple, waɗanda aka buɗe ma ƙofar komawa a 2006. Shuffle ɗaya taska ɗaya take bi. Ka kai ta kwamfutar abokinka ka ce ya ƙara maka waƙa biyu, sai manhaja ta tambaye ka ko ka yarda a share duk abin da ke ciki a maye shi da nasa. Manyan iPod suna da hanyar zuba waƙa da hannu daga kwamfuta fiye da ɗaya, amma ita shuffle an ɗaure ta ga guda. Cikin na'urar kuma waƙoƙin na zaune a wani ɓoyayyen dosiye, an canza musu suna zuwa haruffa huɗu marasa ma'ana, yadda ko ka tono su ba ka san wace ce wace ba.

A Hausa, in aiki na tafiya ta fuska biyu muna da kalmarsa: "juna". Sun gaida juna, sun taimaki juna. Aikin iTunes ba shi da "juna" a ciki. Da Bahaushe ne ya raɗa masa suna, "juye" zai ce, ko "shafe ka zuba".

An san dalilin wannan tsari. Kamfanonin waƙa na Amurka sun kai masu ƙera Rio kotu a 1998, ko da yake sun sha kaye a 1999, kuma suna cikin rigima da Napster lokacin da iPod ta fito. Apple na neman yardarsu domin ya buɗe kantinsa na intanet, wanda ya buɗe a watan Afrilu na 2003 yana sayar da waƙa ɗaya santi 99. Har a ledar iPod ta farko an rubuta gargaɗin kada a saci waƙa. Waƙoƙin kantin kuma suna da makulli mai suna FairPlay, wanda daga baya ya tsaya a kan kwamfuta biyar, sai a 2009 aka cire shi. Ke nan hana komawar waƙa shawara ce ta kasuwa. Injiniyoyi ba su kasa ba, cewa aka yi kada su yi.

Ina "turo" ya shiga?

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗalibin harshe. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai. Gida na shida shi ne mai ƙarewa da "o", mai nuna aiki ya nufo wajen mai magana: aika da aiko, ɗauka da ɗauko, saya da sayo, tura da turo. Wasali ɗaya ke juya alƙiblar aiki.

Yanzu ku saurari yadda muke maganar waƙa a fada, ana jiran shayi na biyu. "Kai, turo mini wannan." "Buɗe bulutut ɗinka in tura maka." "Wa ya zuba maka wagga?" "Je ka wurin mai caji ya ɗora maka sabbi." Duk aikatau ɗin nan suna buƙatar mutum biyu, mai bayarwa da mai karɓa. "Zuba" kuwa kalmar hatsi ce da ruwa, abin da ake aunawa a raba. A bakinmu waƙa aba ce mai wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma tun zamanin kaset haka take, lokacin da ake kai kaset wurin mai dubin a kasuwa.

Nahawun shuffle mutum ɗaya ya sani: kwamfutarsa, taskarsa, katin bankinsa, ekutar ɗinsa. Ba ta da bulutut, ba ta da ramin kart memuwar, ba ta da lasifika, ba ta da rediyo. Kowace ƙofa da waƙa za ta iya bi ta je wurin mutum na biyu an toshe ta. Ita fa na'urar ba don mu aka yi ta ba, don haka ba zan ce ta ci amanarmu ba. Abin da nake cewa shi ne, abin da aka tallata a matsayin sauƙi yana tsaye a kan wasu sharuɗɗa: kana da kwamfuta taka ta kanka, kana da kuran da ba ya ɗaukewa, kana da intanet. Ɗalibi nawa ne a Tawa ko Damagaram ya cika waɗannan a 2005?

Kasuwa ta ba da amsa da kanta. Ƴan ƙananan MP3 na Sin da suka cika kantuna sun kwaikwayi siffar shuffle ta biyu, har da maƙalin, amma sun ƙara abu guda: ramin kart. Kamfanin SanDisk ma ya fito da Sansa Clip a 2007, mai ɗan allo da rediyon FM da makirfo, wadda kwamfuta ke iya gani kamar kile, a 2009 kuma ya ƙara mata ramin kart. Wannan ɗan ramin shi ne wasalin "o" ɗin. Shi ya mai da "tura" ya zama "turo".

Suna da ƙugiya

Tunda shuffle ba ta da allo, ba ka sanin sunan abin da kake ji. A 2009 Apple ya nemi magance wannan da na'ura ta uku. Ya sa mata murya mai suna VoiceOver da ke faɗin sunan waƙa da na mawaƙi, cikin harsuna 14. Akwai Faransanci da Girkanci da Turkanci da Japananci, babu harshen Afirka ko ɗaya. A wannan na'urar ce kuma aka cire maɓallai duka aka mai da su jikin wayar ekutar: danna sau ɗaya ta tsaya, sau biyu ta wuce gaba, sau uku ta koma baya. In ekutar ta lalace, ba kowace za ka saya a bakin titi ta yi maka aiki ba. Mutane suka ƙi abin, a 2010 aka dawo da maɓallan.

Ku ƙaddara muryar Faransanci tana karanta sunan waƙar Hausa. Harshenmu na da karin sauti da tsawon wasali, kuma ba mu rubuta su. "Kuka" na ido da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya, haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Mu da muka san harshen, ma'ana ke nuna mana wanne ake nufi. Murya da ba ta san harshen ba kame-kame kawai za ta yi.

Matsalar ma ta girmi Apple. Sunan waƙa ana ajiye shi cikin fayil na MP3 a wani ɗan tambari da ake kira ID3. Na farkonsa, na 1996, ya ba sunan waƙa gurbin harafi 30, sunan mawaƙi 30, sunan album 30, kuma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Sabon tsarin da ya biyo baya daga 1998 ya karɓi Unicode, inda haruffanmu suke da gurbi, amma na'urori masu arha da yawa ba su da zanen haruffan. Shi ya sa sunan Ɗanƙwairo kan fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a wuri biyu. Mai zuba waƙa ya ga haka sai ya daina wahalar da kansa, ya rubuta ba ƙugiya. Daga nan ƙura ta zama kura, ƙasa ta zama kasa, ɓari ya zama bari.

Su kansu guraben tambarin suna da tasu fahimta ta abin da ake kira waƙa. Mawaƙi, album, lamba a cikin album, shekara, rukuni. Jerin rukunan farko guda 80 ne. Akwai Polka, akwai Reggae, akwai guda biyu da ma'anarsu ta tashi a kan kiɗan ƙabila, akwai "sauransu". Ina za ka sa waƙar fada irin ta Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram? Ina waƙar noma, ta dambe, ta kokowa, ta bege? Bakandamiyar Mamman Shata ya rera ta sau da yawa, kowane zama da abin da ya ƙara ko ya rage. Wace ce "ainihin" waƙar da za a ba lamba a album? Abin da mai nazari ke bukata shi ne inda aka yi ta, gaban wa, da su wa ke amshi, kuma babu gurbin ko ɗaya daga ciki. Hatta lissafin da Apple ya yi na cewa mega 512 na ɗaukar waƙa 120 ya ginu a kan waƙar minti huɗu. In waƙoƙinka na minti ashirin ne, kamar yadda na makaɗan gargajiya kan kai, wajen 25 za ka samu.

Kan mai uwa da wabi

Sunan na'urar daga wannan aikin ya fito, wato gauraya waƙoƙi yadda ake gauraya karta. Akwai ma wani zaɓi a iTunes da ke cika na'urar da waƙoƙin da shi ya ga dama. Wani abin dariya ya faru a nan. Mutane suka yi ta ƙorafin cewa gaurayawar ba ta gaskiya ba ce, don suna jin mawaƙi ɗaya sau biyu ko uku a jere. Alhali haka sa'a take, kamar yadda kwabo kan faɗi fuska ɗaya sau uku. A watan Satumba na 2005 Apple ya ƙara wani zaɓi da ke rarraba waƙoƙin mawaƙi ɗaya, Steve Jobs da kansa ya bayyana cewa sun rage gaurayawar ne domin ta fi kama da gaurayawa a kunnen mutane.

Ina ganin amfanin wannan aiki. Yana fito maka da waƙar da ka manta kana da ita. Sai dai yana ɗaukar duk abin da ke cikin taska a matsayin abu iri ɗaya, wanda kowane zai iya bin kowane. Ku duba kart ɗin kowane ɗayanmu. Akwai karatun Alƙur'ani, akwai wa'azi kashi na ɗaya zuwa na goma, akwai waƙar fim ɗin Kano, akwai rap na Yamai, akwai darasin da aka ɗauka a aji. Wasu suna da jeri da ba a taɓawa, wasu kuma ladabi bai yarda su biyo juna ba. iTunes na da wurin da za ka sa alama a tsallake fayil lokacin gaurayawa, gaskiya ne, amma sai ka koma kwamfutar nan dai. Ƴan MP3 na kasuwa kuwa yawancinsu ko wannan ba su da shi.

Namu gefen

Kada wani ya ɗauka ina cewa hanyarmu ba ta da aibu. Tana da shi, babba ma. Misalin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya nuna fuska biyun. Ya ɗauki album ɗinsa Anar a Sakkwato a 2008, da salon muryar waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga salula zuwa salula ba tare da wani kamfani ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga kart ɗin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, ya fitar da su a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, kuma daga nan duniya ta san Mdou. Da a cikin shuffle waƙoƙin suke, da ba su tsallake gida ɗaya ba. Amma sai da Kirkley ya yi ta cigiya kafin ya gano masu waƙoƙin, saboda fayil ɗin sun iso ba cikakken suna.

Wannan ita ce ɓarnar da "turo mini" ke yi. Waƙa na tafiya, suna na zubewa a hanya. Ku buɗe kart ku ƙirga nawa ne ke ɗauke da lamba kawai, ko sunan shagon da ya zuba su. Mawaƙi bai samu ko dala ba, sunan ma bai samu ba. Kart ya kama birus ko ya ƙone, shi ke nan. Tsarin Apple, duk da ƙuncinsa, ya riƙe suna kuma ya biya mai haƙƙi wani abu. Namu ya isar da waƙa ga kowa ya bar mai ita a baya. Ban ga dalilin da zai sa mu yarda cewa dole sai ɗayan biyun ba.

Tsarin shuffle ɗin kuma ya dawo da sabuwar riga. A Spotify waƙar da ka sauke tana cikin manhaja a kulle, ba ka tura ma kowa, kuma in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba sai ta daina buɗuwa. Taskar ta tashi daga kwamfutar ɗaki ta koma ta kamfani, alƙiblar dai ɗaya ce. Abin da bai shiga taskarsu ba, kamar tsoffin waƙoƙin da aka juyo daga kaset ɗin iyayenmu, yana nan a kart ɗinmu kaɗai, da sunan da wani ya ga damar sa masa.

Don haka ga abin da nake roƙon ƴan ƙungiyarmu. Kowa ya zaɓi tsoffin waƙoƙi goma daga cikin nasa. Ya tambayi manya a gida wa ya yi su, a wane gari, don wa. Ya rubuta amsar a sunan fayil ɗin kansa, domin shi ne ke tsira in an tura ta bulutut ko Xender: mawaƙi, sunan waƙa, gari, shekara in an tabbatar. A sa ƙugiya, tunda allon rubutun salula na yanzu yana da Hausa. Abin da ba a tabbatar ba a bar gurbinsa, kada a cika da ƙage. A ajiye kwafi a wuri biyu. In mun taru ashirin, waƙa 200 ke nan masu suna, kuma a Yamai akwai cibiyar CELHTO mai aikin tattara al'adun baka, wadda za mu iya nuna ma abin da muka haɗa. Mawaƙin da ke raye kuma, in yana da wasa a MJC ko yana sayar da aikinsa, mu biya mu shiga.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman ƴan sashen kimiyyar kwamfuta, ga fili a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.